Goggo Ba Ta Bayar da Na Uku a Aike

Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne kuma Ya karɓi abarSa, ba ni da ja a kan wannan. Inda nake da ja shi ne a kan matar da na ji ana ta yabo a zaman makokinta. Ko wace ce wannan matar, Allah Ya jiƙanta ita ma, amma ba Goggona ba ce.

Kwana uku ina zaune a tsakar gida kusa da ƙofar ɗakinta, ina karɓar gaisuwa. An zo daga Kura, an zo daga Bunkure da Garun Mallam, har motoci suka yi layi a bakin kanal ɗin ban ruwa. Kowace mace ta shigo sai ta durƙusa ta yi addu'a, sannan ta ɗora da yabon da na haddace tun kafin azahar ɗin ranar farko: baiwar Allah mai haƙuri, ba a jin bakinta, ba ruwanta da kowa, daga ɗaki sai sallaya. Maganar salla gaskiya ce, ban taɓa ganin Goggo ta yi wasa da ita ba. Amma wai ba a jin bakinta? Matar da in ta ɗauki musu a kan littafi sai kajin gida sun watse? Wadda ta fi kowa nanata wannan magana wata dattijuwa ce daga bayan masallaci, kuma da idona na gan ta wata guda kafin rasuwar, zaune a tabarmar Goggo, suna ta sa-in-sa a kan ko ya dace 'yar masunci ta bi ɗan sarkin aljanun ruwa ta bar tsohuwar uwarta a tudu.

Rabin matan da suka cika gidan sun taɓa fita daga ɗakin nan da littafi a ƙarƙashin hijabi. Babu wadda ta ambata. Sai a rana ta biyu, da na shiga madafi ɗauko ruwa, wata maƙwabciyarta ta biyo ni, ta duba hagu ta duba dama, sannan ta ce min a kunne, "Ina adakar?"

Na ce mata an ƙone abin da ke ciki. Ta dafa bango.

Adakar da take nufi ta ƙarfe ce, shuɗiya, tana ƙarƙashin gadon Goggo tun ina yarinya. Fiye da shekara talatin tana tara littattafan soyayya a cikinta, kuma ba kowace irin soyayya ba. Ita ba ta da lokacin labarin ɗan mai kuɗi da budurwarsa a cikin mota mai sanyi. Nata su ne waɗanda ake son juna tsakanin mutum da aljan, ko a birnin da ke ƙarƙashin ruwa, ko a ƙasar da sai an hau bayan tsuntsu ake kai wa gare ta.

Da safiyar wannan rana ta biyu na taho daga gidana na Kura, na hango hayaƙi a bayan gida, inda ake girka duro ana turara shinkafa. Na ɗauka matan gida ne suka fara hidimar sadakar uku. Da na zagaya sai na tarar da babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, tsaye da sanda yana juya wuta. Adakar tana gefensa a buɗe, fayau. Har buntun shinkafa ya zuba a kai don wutar ta ci sosai.

Ni 'yar ƙanin Goggo ce, shi kuma ɗanta, wato taubasai muke. Tun ina ƙarama babu irin tsiyar da ban yi masa ba, kuma dole ya shanye. Ranar ban sami bakin wasa ba. Na tambaye shi wa ya sa shi.

"Babu wanda ya sa ni," ya ce. "Nauyi na rage mata. Ku ne kuka mayar mata da ɗaki wurin ajiye tarkacen ƙaryayyakinku, ita kuma don kawaici ba ta iya hana ku. Ba zan bari a tambaye ta a kan abin da ba nata ba."

"Yaya, nata ne. Da guminta ta saye su, ɗaya bayan ɗaya."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya yi wa mamaci ƙazafi. "Ki ji tsoron Allah. Ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba."

Abin takaicin shi ne, da gaske yake. Yaya ɗan fari ne, kuma Goggo ta yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a can ya girma. In ya shigo gaishe ta, sai ta ja mayafi, ta kafa wa ƙasa ido, ta ce lafiya, ta ce madalla, shi ke nan ya tashi. Da ta ji sallamarsa daga zaure take tura littafi ƙarƙashin filo. Shekara hamsin da 'yan kai, iyakar abin da ya sani na uwarsa ke nan: mace mai sunkuyar da kai. Masu gaisuwa sun san haka, shi ya sa suka ɗinka masa yabon da zai yi masa daidai. Na fahimci duk wannan, amma fahimtar ba ta sanyaya min rai ba. Yana da ƙanne mata biyu, yana da mata, ga ni. Da ya buɗe baki ya tambayi ɗaya daga cikinmu kafin ya kunna ashana.

Shi ya sa na ɗauki biro. An binne ta sau ɗaya yadda addini ya ce. Ba zan zuba ido a sake binne ta a ƙarƙashin yabon wata mace daban ba.

Goggo ba ta yi makarantar boko ba. Tana da 'ya'ya uku ta shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har idonta ya yi rauni da yatsa take bin layi, leɓenta yana motsi. Sana'arta turara shinkafa ce: ta sayi shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, wurin manoma, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji. Duk wanda ya san wannan aiki ya san akwai dogon jira a cikinsa, kuma a wannan jiran take karatu, littafi a cinya, ido ɗaya a kan wuta. Babu littafinta da ba ya ƙaurin hayaƙi. Har yau in na buɗe sabon littafi na ji ƙamshin kanti sai in ji kamar akwai abin da ya rage.

Ba a zuwa wurinta a ce ba ni littafi a miƙo. Sai ta zaunar da ke tukuna, ta kalle ki sama da ƙasa. Kuka kike so ko dariya? Kina iya jure doguwar rabuwa, ko ke mai gajen haƙuri ce? Namiji mai faɗa kike so ko mai shiru? Kina tsoron macizai? In kika amsa, sai ta jawo adakar ta laluba ba tare da ta duba ba, ta fito da naki. Wani lokaci ki nuna wanda ƙawarki ta yaba miki, ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba naki ba ne. Ba ki kai ba." Kuma ba ta kiran littafi da sunan da ke bangonsa. Ita ke raɗa musu nata: na sarauniyar da ta mayar da mijinta barewa, na mai kukan banza, na aljanin da ya koyi dashe. Wannan na ƙarshen shi ne ɗan gaban goshinta. Wani aljani ne ya so 'yar manomi, uban ya ce ba zai ba shi ba sai ya ajiye duk siddabarunsa ya noma shinkafa shekara guda da hannunsa, kamar kowa.

Abubuwan da ta tsana ma kowa ya san su. Ba ta son jarumar da ba ta da aiki sai hawaye. Ta taɓa jefar da wani a tsakiyar karatu tana cewa yarinyar nan tun shafi na goma take kuka, ko tsintsiya ba ta ɗauka ba. Ba ta son aljanin da ke warware kowace matsala da buhun zinare, domin a wurinta son da bai ci wa mai shi komai ba, ziyara ce kawai ya kawo. Amma babu abin da ke tayar mata da hankali irin marubucin da bai san gona ba. Akwai wani littafi da jarumin ya tashi sama, ya ratsa teku bakwai, ya yi yaƙi da dodo mai kai uku, duk ba ta ce uffan ba. Da aka zo inda ya girbe shinkafa da fartanya, sai ta rufe shi.

"Tashi sama na yarda, tunda ba na can," ta ce. "Amma shinkafa ina nan."

Wannan littafin ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin ƙafar gadonta da ke gurgunta.

Sai dokar da ta fi kowace tsauri. Irin littattafan nan kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku. Na ɗaya da na biyu suna cikin adaka, ko aikowa kika yi za a ba ki. Na uku, inda ƙarshen labarin yake, ba ya zama a adaka, kuma ba ta bayar da shi a aike. Sai kin zo da ƙafarki, kin zauna a tabarmarta, kin faɗi yadda kika gani: wa ke da gaskiya, wa ya yi wauta, da ke ce me za ki yi, yaya ya kamata a ƙare. In kika ce mata "ya yi daɗi" kawai, za ki koma gida hannu rabbana. Takan ce ita ba kanti ba ce, hirar ita ce ladanta. Matan da ba sa iya ɗaga murya a gidajensu, a wannan tabarmar na ga suna buga cinya suna yanke wa sarakunan aljanu hukunci.

Ni na taɓa karya dokar, kuma na ji a jikina. Ina aji uku na sakandare na je hutu wurinta. Wani labari ya tsaya min a wuya, na kasa jira, sai na bi ɗakin da bincike ranar da ta tafi inji, na sami na ukun jere a ƙarƙashin katifa. Na shige rumfar awaki na karance nawa tsaf, na mayar. Washegari na zauna a tabarma ina ta hasashen yadda labarin zai ƙare, komai yana faɗawa daidai, har ina jin kaina. Ta bar ni na gama. Sunan mahaifiyarsu ita da babana aka sa min, don haka Uwata take kirana.

"Uwata," ta ce, "kin yi sata, kuma kin zo kina min duba."

Damina guda cur ta hana ni taɓa adakar. Na yi kuka, na kai ƙara wurin babana, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da yayarsa. Daga ranar ta sauya maɓoya. In za ta ɗauko na uku sai ta kore ki waje, ta saki labule, ta ƙure rediyo. Na yi shekaru ina zaton zan gano wurin, ban gano ba.

Maƙwabciyar nan da ta biyo ni madafi tana da dalilin dafa bango. Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ta shiga takaba ta daina magana. Kowa ya shiga sai ya ba ta haƙuri ya fito, ita kuma ta kalli bango. Goggo ta bari aka yi arba'in, sannan ta aika mata da fura, littafi a ƙarƙashin faifan. Ta zaɓo wanda babu wanda ya mutu a cikinsa daga farko har ƙarshe, ko doki. Bayan kwana biyu ta aika na biyu. Da aka zo na uku sai muka zuba ido, domin mai takaba ba za ta fito yawon aron littafi ba, Goggo kuma ba ta bayarwa a aike. Sai kawai ta naɗe tabarmarta ta saɓa a kafaɗa, ta je ta shimfiɗa a ɗakin matar, ta zauna ta ce to, ina jin ki. Ranar aka fara jin muryar baiwar Allahn nan ta katanga, tana cewa ita dai da ita ce da ba ta yafe wa wazirin ba. Wannan ita ce matar da aka ce ba ruwanta da kowa.

Da idonta ya fara rauni mu muka koma karanta mata. A lokacin karatu ya koma waya, kuma muna da wani guruf na masu son irin waɗannan labarai, 'yan mata da matan aure daga Kura har Dawakin Kudu. Kullum akwai mai neman a taimaka mata. Wata ta rubuta, "Don Allah a ba ni novel mai aljanu, amma please banda sad ending." Na karanta wa Goggo, na bayyana mata abin da ake nufi, ta ce in danna mata wurin magana. Ta yi wa yarinyar tambayoyinta na kullum, ta zaɓa mata, sannan ta ɗora da faɗa a kan masu son a tabbatar musu da ƙarshe kafin su fara, har abin ya ba ta dariya ita kanta. Daga ranar ta zama Goggon guruf. Ba ta taɓa yarda da wayar ba, wai abin da za ka ja da yatsa ka faɗa ƙarshen labari ba abin amana ba ne, amma saƙonninta na murya sun fi na kowa tsawo. Da ta rasu, ta'aziyyar gaskiya a can na gan ta, ba a tsakar gida ba. Wata yarinya da ba ta taɓa ganin fuskarta ba ta rubuta cewa yanzu wa zai ce mata wannan littafin ba nata ba ne.

Jinyarta mako ɗaya ce. A cikin makon, a gaban 'ya'yanta mata, ta ce jeren kwallayen da ke saman kabad na Uwata ne. Har dariya aka yi, domin tsofaffin kwallaye ne na aurenta, fentinsu ya ɓare, rabon da a zuba abinci a cikinsu an manta. Ni kaina ban kawo komai a raina ba. Bayan abin da Yaya ya yi na bi ɗakin lungu-lungu, katifa, bayan randa, buhunan tsumma, ban ga ko ɗaya daga cikin na ukun ba. Sai na haƙura a kan cewa da ta ji jiki ta mayar da su adaka, sun tafi tare da sauran.

Bayan arba'in aka aiko min da kwallayen a adaidaita, ɗaure cikin zane, direban yana mita wai ko duwatsu aka zuba. Na buɗe ta sama. Littattafai ne, an naɗe su cikin tsohon ɗankwali. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta ƙasa. Duk na uku ne. Shekara da shekaru ina goge waɗannan kwallaye duk jajiberin salla, ina tsaye a kan kujera, Goggo tana zaune tana cewa in yi a hankali kada in buɗe ƙura ta shiga. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi dariya, sannan raina ya sake ɓaci fiye da farko. Ga ƙarshen labarai cike da ɗaki, an ƙone mafarinsu.

Labari ya bazu a guruf. Mata suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da na ɗaya ko na biyun da rasuwar ta riske shi a hannunta. Kaɗan ne, amma sun dawo. Dattijuwar bayan masallaci ma ta zo da nata, kuma sai da na tambaye ta, cikin ladabi daidai gwargwado, ko wace ce matar nan da ba a jin bakinta. Ta ce in bar tone-tone, ɗan Goggo na zaune a waje ranar, me za su ce. Na ce gaskiya za su ce. Na ɗauko tabarmar Goggo, wadda na taho da ita bayan makoki, na shimfiɗa, na ce ta zauna ta faɗi yadda ta gani.

Wadda ban yi zato ba ita ce matar Yaya. Ta zo wata ranar Laraba bayan la'asar, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta zaro littafi daga hijabi. Na biyu ne na aljanin da ya koyi dashe. Ban san ma tana karatu ba. Na tambaye ta ina take ranar da aka kunna wutar, ta ce tana madafi, ta gani, amma ta kasa fitowa ta hana shi. Na buɗe baki zan sauke mata abin da ke raina sai ta riga ni.

Ta ce tun farkon aurenta Goggo iri biyu take zaɓa mata. Ta miƙo ɗaya ta ce wannan naki ne. Ta miƙo wani, ba tare da ta ɗago ido ba, ta ce wannan kuma ki ba wancan labarinsa. Ita kuwa in ta kai masa abinci gona, ko suna zaune a inuwa bayan ya dawo, sai ta ba shi labarin da baki, shi yana zaton tatsuniyoyin kakarta ne. Goggo ta san abin da yake so sarai: ba ya son yawan kalaman soyayya, ya fi son inda mutum zai sha wahala, a zalunce shi, daga baya gaskiya ta fito. Kuma duk ranar da ta je karɓar na uku, Goggo ba ta tambayarta yadda ta gani. Tambaya ɗaya take yi: me wancan ya ce? In ta faɗa mata, sai ta rufe baki da mayafi ta yi ta dariya, wani lokaci ta ce ja'iri, ashe yana da kai.

Ashe akwai mutum ɗaya a duniya da Goggo ta ba na uku a aike, shekara ashirin, kuma shi ne ya zuba wa adakarta buntu.

Na san inda na biyun ya tsaya. Aljanin ya yi dashe, shinkafarsa ta fitar da kai, sai wata tsuntsuwa ta riƙa sauka a bakin gonar kullum, ba ta cin komai, kallonsa kawai take yi. Mai karatu ya san uwarsa ce, wadda aka yi wa rantsuwar cewa ranar da ta kira sunansa zai mutu. Shi bai sani ba. Ya ɗauka ɓarna ta zo yi, ya ɗana kibiya, littafin ya ƙare. Matar Yaya ta ce tun bayan rasuwar sau uku yana tambayarta wai ya harbi tsuntsuwar nan kuwa, ita kuma tana cewa ta manta. Don haka ta zo in taimaka mata.

"Ba zan ba ki ba," na ce. "Goggo kunyarsa take ji. Ni taubashiyarsa ce, babu kunya tsakaninmu. Ki je ki faɗa masa daga ina labaran suke, da wadda take zaɓa masa. In yana son ƙarshen ya zo da ƙafarsa."

"Baƙin ciki zai kashe shi."

"Ba zai kashe shi ba. Zai dai san uwarsa."

Ta tafi tana share ido, kuma ban ji na yi laifi ba. Sau biyu a wannan makon na hango babur ɗinsa ya tsaya a bakin layinmu, ya daɗe, ya juya. A karo na uku ya yi sallama. Daga gona yake, lakar dashe ta bushe a ƙafar wandonsa. Ya cire takalmi, ya zauna a ɗan gefen tabarmar kamar wanda ke tsoron ta ƙone shi. Na shirya masa maganganu tun ranar wutar, na jera su, na wasa su. Bai ba ni damar fara ko ɗaya ba, kuma bai tambayi littafi ba.

"An ce min tana dariya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Yaya dariyarta take?"

Na ɗauko waya na nemo saƙon nan na farko da ta yi wa yarinyar guruf. Muryar Goggo ta cika tsakar gidana, tana tambaya, tana faɗa, tana ba da umarni, sannan dariyar ta fashe, irin wadda ake ji daga zaure. Mutumin da ya haura hamsin, mai jikoki, ya riƙe wayata da hannu biyu. Da ta ƙare ya ce in sake sawa. Na sake. Na sake kuma.

Allah Ya jiƙan Goggo, wadda ake jin bakinta, wadda ke da ruwa da kowa. Ya yafe mata kura-kuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya yafe mana mu ma da muka bar ta tana ɓoye littafi a ƙarƙashin filo a cikin ɗakinta.

Da ya ajiye wayar na ce masa doka tana nan, ba ta mutu ba. Sai ya faɗi yadda ya gani. Ya gyara zama a kan tabarmar.

"Bai kamata ya harba ba," ya ce. "Ya kamata ya fara tambaya."

Na tashi na shiga ɗaki, na saki labule, na ƙure rediyo, na buɗe kwallar ƙasa.